Ranar da Na Yi wa Auren Saratu Fomat

Abubuwan kunya da na aikata a rayuwata suna da yawa, wasu ma na manta su, amma ba zan taɓa mantawa da ranar auren ƙanwata Saratu ba. Gab da shiga shekarar dubu biyu ne, a Kafanchan. Har yau in na ji ana buga gangar zumuntar matan coci sai ranar ta faɗo mini a rai.

A lokacin ni malamin tafireta ne a wata makarantar koyon aikin ofis. Kalmar da ta fi fita daga bakina kullum ita ce fomat. A wurinmu fomat shi ne tsara wasiƙa, adireshi nan, kwanan wata can, a matse rubutu har komai ya shiga shafi guda. Ku riƙe wannan, don shi ya kai ni ya baro.

Angon Emeka ne, ɗan gidan ma'aikatan jirgin ƙasa, haifaffen garin. Wansa Obinna ya taho daga Legas da wata kyamara da ba mu taɓa ganin irinta ba. Ba ta da fim. Wani ɗan kati ake zura mata, bai kai kwalin ashana ba, kuma kana ɗaukar hoto za ka gan shi a gilashin bayanta. Da yake Obinna shi ne babban abokin ango, ba zai iya yawo da ita ba, sai aka nemi wanda ya san kwamfuta. Kafin a rufe baki na ɗaga hannu. (Sau biyu na taɓa taɓa kwamfuta a duniya, ɗayan ma ƙura na goge mata.) Ban tsaya nan ba, har na ce a sallami mai hoton unguwarmu, wai zamanin fim ya wuce. Aka kuwa sallame shi.

Ranar jajibere Obinna ya ja ni ofishin majami'a, inda ya haɗa waya da kwamfutar fasto.

"Malam, ka ji ni da kyau," in ji shi. "Wannan kati, hoto arba'in kawai yana ɗauka. In ya cika, ka zo nan, ka sa waya, ka kwafe. Ka buɗe ka gani da ido naka. Sai ka gani kafin ka share. Ka gane?"

"Haba Oga," na ce, "ai aikinmu ne."

Cikin hotuna arba'in ɗin nan, ɗaya ne ya fi damun Saratu. Kakarmu, wadda ta rene ta a Godogodo bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Cewa take hoto yana rage mutum. Mako guda Saratu tana roƙo, har da kuka, kafin tsohuwa ta sauko. Bayan an ɗaura aure, a ƙofar majami'a, Kaka ta gyara ɗankwalinta, ta kama hannun amarya, ta nuna ni da sandarta.

"Ɗaya kawai. Ka yi biyu, na fasa abin."

Na danna. Hoton ya fito tsaf. Saratu tana hawaye, Kaka ta haɗe rai kamar an kawo mata sammaci. Shi ne na talatin da tara. Na arba'in kuwa, fasto na ɗauka yana hamma.

Sai wata jar alama ta fara ƙyaftawa. Kati ya cika, ga shi ba a ko fara liyafa ba. Na ruga ofis, na zura waya, na danna kwamfuta. Shiru. An ɗauke wuta. Na sake dannawa, na hura soket (ban san dalili ba), na yi addu'a. Ta taga ina hango mutane suna tafiya filin makaranta, ga kek mai hawa uku an ɗauko, ga amarya tana waige-waige tana nemana. Gumi ya jiƙa mini kwat ɗin aro. Obinna yana can riƙe da lemar ango, kuma girman kai ya hana ni zuwa in ce masa ban iya ba.

Na shiga latse-latsen kyamara, sai idona ya faɗa kan kalmar da na sani kamar sunana. Fomat! Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce ai shi ke nan, za ta tsara hotunan ne, ta matse su, wuri ya samu, yadda nake koya wa ɗalibai. Kyamarar ma ta yi mini adalci, ta tambaye ni ko na tabbata. Ni da nake koyar da fomat shekara shida? Na ce mata e. Nan take ta nuna akwai wurin hoto arba'in. Har tsalle na yi a ofishin fasto.

Na koma fili ina ta ɗauka, tukwanen shinkafa, 'yan rawa, yankan kek. Amma can ƙasan zuciyata wani abu ya fara sukata. Ina tsofaffin suka shige? Sau uku na kai yatsa zan duba, sau uku na fasa, don tsoron abin da zan gani.

Mai gabatarwa ne ya ƙarasa ni. Ya ɗauki makirfo ya ce da karyayyiyar Hausarsa, "Jama'a, yau tarihi! Kaka ya yarda an ɗauke shi hoto! Malam, kawo mashin ka nuna masa!" Aka ɗauki tafi. Matan zumunta suka kewaye kujerar Kaka, Saratu ta durƙusa gefenta da farar riga. Na tako kamar mai zuwa karɓar bulala. Na danna baya. Kek. Baya. 'Yan rawa. Baya. Tukunyar shinkafa. Na sake dannawa, tukunyar ba ta motsa ba. Ita ce hoton farko.

"Yaya, ina na coci?" Saratu ta tambaya a hankali.

Obinna ya karɓa ya duba. "Malam, me ka danna?"

"Fomat kawai," na ce, kuma makirfo yana kusa da bakina, kowa ya ji.

"Yesu!" Ya dafe kai. "Ka share duka! Da ka tsaya nan ma, wataƙila a Legas a gwada dawo da su. Amma ka zuba hoton shinkafa a kai!"

Ban san wanda ya fara dariya ba, amma Saratu ba ta yi ba. Kallona kawai ta yi, kuma wannan kallon ya fi mari zafi. Zobe ya tafi, sa hannu ya tafi, Kaka ta tafi. Na so ƙasa ta tsage.

Kaka ce ta fara magana. "Na gaya muku," ta ce tana gyaɗa kai cike da jin daɗi. "Wannan ƙaramin abu ba zai iya riƙe ni ba." Sai ta dubi fuskar Saratu, ta jawo ta jikinta. "Bari kuka. Kai, mai kwat, sake. Amma abin ciki ni zan ajiye."

Na ɗauka. Wannan karon tana dariya, dariyar da take yi mini. Obinna ya zare katin ya miƙa mata, ta ƙulle shi a bakin zaninta tare da goronta, kuma ba ta kwance ba sai washegari da aka kawo wuta, ta ga kanta a kwamfuta da idonta.

Daminar da ta biyo baya Kaka ta rasu. Wannan hoton ne kaɗai muke da shi nata, yana nan rataye a falon Saratu, kuma duk baƙon da ya tambayi abin da ya ba tsohuwa dariya, ni ake nuna masa. Har yau a Kafanchan akwai masu kirana Malam Fomat. Yanzu kwafi biyu nake yi, in buɗe in ƙirga ɗaya bayan ɗaya kafin in share ko da hoton tukunya. Kuma duk na'urar da ta tambaye ni ko na tabbata, na san ta ga abin da ban gani ba, sai in ce mata a'a.