Fulawar da Ta Sha Ruwa

Ka taɓa ganin takarda ta ce a ci, wadda ta kawo takardar kuma ta ce a bari? Haka ta faru a gidan burodin wani dattijo da rufinsa ya yi yoyo, buhun fulawa shida suka jiƙe. Washegari zai kai burodi makarantar ƙananan yara, sai ya ba jikarsa mai aikin gwajin abinci fulawar ta auna masa. Yana bakin tanda ta shigo.

"Lafiya lau, amarya. Ina takardata, ko kin ci ta a hanya?"

"Ga ta, tsohon miji. Akwai gubar fumfuna, amma saura ƙiris ta kai iyakar da aka hana."

Tsoho ya washe baki, haƙora huɗu cif. "To, na'urarku ta wanke ni. A kwaɓa!"

"A kwaɓa wa wa? Ƙirisin nan a cikinka mai narka ƙusa ba komai ba ne. Su yaran kullum za su ci, kuma ba wanda ya tambayi iyayensu."

"Ke da aka biya wa kuɗin boko, yau kin fi na'ura sani? Abin da babba ya hango..."

"Babban da bai hango yoyon rufinsa ba? Na'ura awo ta iya, Kaka, ba ta da ɗa."

Ya sosa gemu, ya leƙa buhunan. Shida fa. "To a kai bayan kasuwa, a karya farashi."

"Su masu ƙaramin ƙarfi hantar roba aka yi musu? Shi ke nan, ka gasa. Gobe zan kawo maka ɗana, tattaɓa-kunnenka, ya fara cin na farko a cinyarka."

"Kar ki kuskura ki sa min yaro a wannan magana."

"Ashe?"

Dariya ta ƙwace wa tsoho har da tari. "Allah ya isa tsakanina da wanda ya aura min ke. Leburori, ku fitar da jiƙaƙƙun, a kawo busassu daga sito." Ya miƙa mata burodi mai zafi. "Ungo sadakinki."

"Na wace fulawa?"

"Na jiƙaƙƙiyar mana, ke ai ba yarinya ba ce," ya ce da zolaya.

In kana sayar da abin ci, kafin ka miƙa wa ɗan wani, ɗora naka a cinya ka gwada.