Jakar Malam Sauro Ta Cika a Kan Ƙusarta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malam Sauro, mai rubutun shaguɓe a shafin baya na jaridar Asabar, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙiyan da ke sayen jarida don kawai su ji haushi, rasuwar jakarsa ta tamfol, wadda ta cika a kan ƙusarta ta bayan ƙofa.

Marigayiyar ta shigo gidan ne tun farkon aikinsa, lokacin da ya rubuta cewa ramukan titin unguwa ba su kai aljihun Mai Girma zurfi ba. Masu baƙin tabarau suka zo suka tafi da shi, daga shi sai singileti. Da aka sako shi yana tari, uwargidansa ta sayo jakar, ta kafa doka: duk rubutun da zai fita sai ta karanta, ta shirya masa kayan zuwa ɗakin tsarewa daidai zafinsa. In ta sa buroshi da sabulu kawai, rubutun ya yi. In ta ƙara bargo, ya taɓo babba. In kuwa har da man ciwon baya, to Malam ya yi sallama da yara. Bai taɓa yarda da hukuncin edita kamar yadda ya yarda da nauyin jakar nan ba.

Baiwar Allah ce mai riƙon amana. An zazzage ta, an shaƙe ta, an taka ta da takalmin ƙarfe, ba ta taɓa faɗin wanda ya ba Malam labari ba. Ta yi masa matashin kai a kan siminti. Maganarta ɗaya ce a duniya, zuuut, kuma ko ita sai an ja zif ɗinta.

Zaman banza ne ajalinta. Mai Girma ya gano cewa dariya ta fi kulki aiki, sai ya koma kiran Malam ɗan'uwa, yana zaunar da shi a teburin gaba wajen liyafa. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Alƙalami ya dakushe, ya koma zagin ruwan sama da farashin tumatir. Uwargida takan karanta, ta ninke takardar, ta wuce ƙusar ko kallo. Wannan ya ci wa Malam rai fiye da duk dukan da ya taɓa sha, amma naman liyafar akwai laushi. Ɓeraye suka ga gida ba kowa, suka tare a cikin jakar.

A makon jiya direban Mai Girma ya kawo kyautar jakar fata mai makulli, tare da albishir ɗin kujerar kakakin Mai Girma. Malam ya miƙa hannu zai sauke tsohuwar don sabuwa ta sami ƙusa, sai marataya ta tsinke, gindi ya zube.

"Ɓeraye sun cuce mu," in ji shi.

"Ba ɓera ba ne, Malam," in ji uwargida. "Kunya ce ta kashe ta."

Ta rasu ta bar ƙusa, da tsohon bargo, da marayun ɓeraye, da maigida wanda tun ranar bai iya haɗa ido da matarsa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a shafin baya. Malam ya riga ya ɗinka likkafani, wato cikakken labarin kyautar da abin da aka nema a madadinta. Uwargida ta karanta. Ta ɗauko jakar fatar Mai Girma, ta zuba bargo biyu da man ciwon baya, ta rataye a ƙusar.

Za a karɓi gaisuwa a gida. Ana roƙon masu baƙin tabarau su ƙwanƙwasa ƙofa, kada su ɓalle ta. Malam na zaune a bayanta, da takalminsa a ƙafa.