Yadda Za Ka Gyara Ragonka da Maganin da 'Yarka Ta Aiko Maka

Kai da 'yarka ke aiko wa ƙwayoyin gina jiki alhali kana da rago a turke, matso kusa. Hanyar nan ba ta kuskure. Malam Inusa na unguwar Didaouré, a birnin Sokodé, ya bi ta wata huɗu cur, ragonsa ya zama abin kallo.

1. Karɓi saƙo da hannu biyu.
'Yarsa Nabila tana aiki a famasi a garin Dapaong. Da ta ji yana fama da jiri, ta aiko da kwalabe uku: na sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, na zinki, da wani ja wai mai hana jiki tsatsa. Sa albarka, ka wuce turke ka ba rago.

2. Bi umarni sau da ƙafa.
Ta ce, "Baba, na ƙarfen da ruwan lemo ake sha, jiki ya fi ɗauka. Ban da shayi a kai." Kada ka saɓa. Matse wa ragon lemo, ka hana shi shayi. Kai kuwa sha shayin zagaye uku, kada a yi asara.

3. Kada ka yi ƙarya a waya.
In ta ce, "Yana aiki?" dubi turke ka faɗi gaskiya: "Ai ba a magana! Ci ya ƙaru, gashi na sheƙi, jiya har katanga aka tunkuya." Mu masana mun san sinadari yana bin iska, don haka riƙa zama kusa da ragon.

4. In ta iso ba sanarwa, daure.
Nan Malam Inusa ya gaza. Nabila ta ja fatar idonsa, ta ga fari fat. Aka auna jini, ko ɗigo bai ƙaru ba. Ta zauna tsakar gida tana kuka: "Baba, jikinka ya daina karɓar magani. Wace cuta ce wannan?" Tausayi ya kama shi, ya faɗi komai. Ta share hawaye, ta daɗe tana kallon ragon. "Bon, to shi ke nan. Maganin bai ɓace ba, Baba, yana cikin hantarsa. A kira Alidu mahauci."

5. Ci da lemo.
Malam Inusa ya ci hantar yana hawaye, don yana son ragon nan ƙwarai. Jininsa kuwa ya ƙaru.

Gargaɗi: mai wannan shawara ba likita ba ne, ba makiyayi ba. In aka kira mahauci gidanka, ba ruwana, amma a ajiye mini ƙafa ɗaya.