Rasuwar Firizata, Wadda Aka Ce Rana Ce Ta Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yanzu ya ƙi kawo ruwa, ni Malama Hafsah, tsohuwar malamar kimiyya mazauniyar Damilu a Jimeta, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu sayen ƙanƙara rasuwar firizata. Ta cika a watan Mayu, a tsakiyar zafi, ina Girei wajen jinyar ƙanwata. Na dawo na tarar da ita shiru, murfinta a buɗe, an wanke cikinta fes kamar ba ta taɓa sanin zoɓo ba.

Ɗana Najmuddeen ne ya tare ni da labarin. Ya ce in yi haƙuri, guguwar rana ce. Wai rana ta yi aman wuta, wutar ta ratso sararin samaniya, ta tsallake Turai, ta tsallake hamada, ta bar Yola Gari da babbar kasuwarta, ta sauka a ɗakin girkina. Matarsa Nahla tana bayansa tana gyaɗa kai. Kafin in cire mayafi ya ƙara da cewa, “Dada, tunda sana'ar ta tsaya, me ya rage miki a gidan nan? Ɗakinki yana can a gidana, har fenti an yi.” Shekara da shekaru yana wannan maganar, ni kuma amsata ɗaya ce, ina nuna masa firiza. Yau babu abin nunawa.

Marigayiyar 'yar Mubi ce. Can muka saye ta, maigida yana raye. Shekarar da 'yan ta'adda suka shiga garin muka fita da ƙafa, muka bar ta da nama a ciki. Da aka ce gari ya lafa na koma duba gida. Sun kwashe katifu, sun cire ƙofofi, sun ƙona littattafan da na koyar da su rabin rayuwata. Ita sun kasa ɗaga ta, sai wani ya huce haushinsa ya sa mata harsashi a murfi. Warin da ke cikinta ba zan kwatanta shi a takardar ta'aziyya ba. Na wanke ta da toka da lemun tsami, na toshe ramin, na jona ta. Ta yi ƙyas, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce huuum. A gidan nan duka ita kaɗai ta amsa mini. Maigida bai ga dawowarta ba, hawan jini ya ɗauke shi muna zaman gudun hijira a Yola.

A bayan akori-kura ta zo Jimeta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta taɓa tambayata ko na sha maganina ba. Fansho yana zuwa ran da ya ga dama, ita kullum tana bakin aiki: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya. Masu wuta sun kawo mata wuta mai ƙarfi ta jure, sun kawo mai rauni ta jure, sun ɗauke gaba ɗaya na ɗora farantan sola a rufi ta ci gaba. In rana ta take tana gurrr kamar tsohon da ke gyaran murya, in ta ƙoshi ta yi ɗif. Da ƙanƙararta Najmuddeen ya gama jami'a, ya yi hoto da hula mai igiya.

Ta rasu ta bar inbata da batura biyu, suna nan lafiya. Ta bar fanka, ta bar rediyo, ta bar ƙwan fitila guda da ke kan waya ɗaya da ita, shi ma ko tari bai yi ba. Ta bar kuloli marasa uwa, da masu tallan da yanzu suke wuce ƙofata suna sallama daga nesa. Ta bar ni.

Wannan lafiyar ta magada ita ta fara damuna. Guguwar rana gaskiya ce, na koyar da ita a allo tun kafin a haifi masu tura saƙon murya. Ta kuma auku a wancan makon, ban musa ba. Amma abin da na sani, tauraron ɗan adam take taɓawa, da dogayen wayoyin lantarki, galibi a ƙasashen da ke kusa da ƙarshen duniya na arewa ko na kudu. In ma ta biyo waya ne, wayar unguwarmu ta daɗe ba ta ga wuta ba. Me za ta biyo? Mu da aka taɓa yanke mana layin waya gaba ɗaya lokacin dokar ta-ɓaci, ba mu buƙatar rana ta koya mana zama cikin duhu.

Sai na sa takalmi na zaga gaisuwa. Na shiga wajen Bappayo mai shago, firijinsa yana ta aiki da igiyar roba a ƙofa. Na leƙa wajen mai cajin waya, ya ce ko caja ɗaya bai rasa ba. Na saurari saƙon muryar da ya tayar da hankalin gari: wani mai murya irin ta masu karanta labarai yana rantsuwa cewa duk abin lantarki zai ƙone sai wanda aka kare. Na tuna shekarar Ebola, da aka ce a sha ruwan gishiri. Najmuddeen ya sha, har ya kawo mini nawa a kofi.

Da na dawo gida na ga abin da ban lura da shi ba ranar farko. Bargunana na sanyi suna ninke a kan gado, suna ƙamshin sabulu. Wa ke wanke bargo a Yola a watan Mayu? Na buɗe su, ɗaya yana da tabon ƙuna mai layi-layi. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa na leƙa ragar da marigayiya ke shan iska ta gefe, na ciro gashin bargo cike da hannu.

Maƙwabciyata Keturah, nas ce mai ritaya, ta zo ta'aziyya da yamma. Ta zauna, ta yi ta juya waya a hannu, can ta ce, “Malama, ni dai ban ce komai ba, amma surukarki ta sa wannan a zauren matan unguwa na waya.” Hoto ne. Najmuddeen a tsaye yana murmushi, ya ɗaga babban yatsa, kusa da wani abu mai ƙyalli kamar kifin da za a ɗora a wuta. A ƙasa Nahla ta rubuta cewa sun kare firizar Dada, kowa ya yi koyi. Mata da yawa sun sa mata albarka. Nahla ta goge hoton daga baya, amma wayar Keturah ba ta mantuwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ba a sayar da gawar ga 'yan gwangwan ba. Za a ɗauke ta a akori-kura daga Damilu zuwa gidan Najmuddeen, a kwantar da ita a ɗakin da aka yi wa fenti, tare da bargunan, domin ɗakin ya samu mai shi. Ni zan karɓi gaisuwa a gidana, inda zan ci gaba da zama. Keturah ta ba ni rabin firizarta kafin in sayi wata. Ba za a raba ruwan sanyi ba. Ana roƙon masu zuwa kada su tura wannan sanarwa ta saƙon murya.

Sanadin rasuwa: ɗana ya naɗe ta da barguna da takardar gasa kifi mai ƙyalli, ya toshe mata wurin shan iska, ya bar ta a kunne saboda kajin walimar matarsa suna ciki, injinta ya yi zafi ya ƙone.