Ranar Da Na Yi Wa Kurmin Mutane Shara

Ba zan taɓa mantawa da kwana biyar ɗin da na yi a wani tsibiri can kudu ba, shekara biyu bayan an yanke mana jihar Zamfara. Ni mutuniyar Rawayya ce, aure ya kai ni Bungudu, kuma kafin wannan tafiya iyakata Gusau, sai Tsafe in biki ya kama. Ɗana Nasiru ya karanta harkar gandun daji, ya samu aiki a wani masaukin manyan baƙi da aka gina a tsakiyar kurmi, teku ta kewaye shi ta ko'ina. Ya yi wata takwas yana aikin gwaji, saura sati biyu a ce masa an ɗauke shi ko an sallame shi. Ana cikin haka baƙi suka yi ƙaranci, sai shugabar wurin, wadda kowa ke kira Madam, ta ce ya kawo mahaifiyarsa ta huta.

Mun kwana biyu a mota, sannan muka shiga jirgin ruwa (ban ga komai ba, idona a rufe yake ina ta salati har muka sauka).

Gaskiya wurin nan ya burge ni. Gida guda aka ba ni, na katako, an ɗora shi kan ƙafafu a tsakanin bishiyoyi, kuma ko ɗaya ba a sare ba don a gina shi. Har akwai wadda ta ratsa ta tsakiyar baranda, aka bar mata ƙofarta. Wuta daga rana suke samu, babu ƙarar janareta, sai kukan tsuntsaye. Ruwan sama ake tarawa daga rufi, wanda kika yi wanka da shi kuma ya gangara ya shayar da shuke-shuke. Gadon kuwa, na daɗe a tsaye ina jin nauyin hawa saboda farinsa. Ni da na tashi inda ake kwana ana neman iccen girki, sai ga mutanen da ke lallaɓa bishiya kamar jariri. Na ce lallai waɗannan sun san darajar abin da Allah ya ba su.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai: ƙofar gidan. Ciyawa har bakin matakala, busasshen ganye ko'ina. A garinmu matar da ta bar ƙofarta haka, sai an yi da ita a wurin daka. Mai kula da ɗakunan, Ngozi, haifaffiyar Sabon Garin Gusau ce, Hausa a bakinta kamar ta fi ni, ta ce min, "Inna, ki ci ki sha ki kwanta. Kada ki taɓa komai." Na ɗauka irin maganar da kowa ke faɗa wa baƙo ce, wadda ba a nufinta har zuci.

Rana ta uku da hantsi, Nasiru ya shiga daji aiki. Na ce mutane sun karrama ni haka, ai ba zan tafi ban yi musu komai ba. Na samu ganyen kwakwa na ɗaure tsintsiya, na ci ɗamara. Ƙasar da taushi, ciyawar tana fitowa da saiwarta ba gardama. Akwai wasu ƙananan farantai masu rubutu a soke a gindinta. Na gwada karantawa (ina da takardar yaƙi da jahilci, har na zo ta biyu a ajinmu), na ga ba Hausa ba ce, sai na tsince su tsaf na zuba a kwano. Ɗanyar ciyawar na jera ta a inuwar ƙarƙashin gida. Busasshen ganyen kuma na tara shi tsibi guda, na ɗauko ashanar da nake kunna turare da ita, na ƙyasta.

Ganyen kurmi ba irin namu ba ne, da laima a jikinsa. Bai ci ba, sai hayaƙi, fari tas, ya miƙe har saman bishiyoyi. Ban ankara ba na ji ana buga ƙararrawa. Sai ga ma'aikata a guje da bokitai, ga Madam ko takalmi babu, ga wasu Turawa biyu sun leƙo daga barandarsu. Ni kuwa ina tsaye da tsintsiya, ina murmushi, ina jiran a ce sannu da aiki.

Ngozi ta sheƙa wa wutar ruwa, ta ce, "Wayyo Inna! Dajin za ki ƙone mana?"

Na ce, "A'a ɗiyata, shara ce. Na ɗan gyara muku ne, kada baƙi su ce ba ku da tsabta."

Sai ga Nasiru yana haki. Ya dubi filin da na share fes, ya ɗora hannu a ka. "Inna, mi kika yi? Ina shuke-shukena?"

"Waɗanne shuke-shuke kuma? Ciyawa dai na cire."

A hankali ya gaya min. Abin da na kira ciyawa, irin tsirrai ne da suka kusa ƙarewa a tsibirin. Shi ya shiga can cikin kurmi ya nemo irinsu, wata takwas yana renonsu, kuma da su za a auna aikinsa. Ganyen da na ƙona, da gangan ake barinsa ya ruɓe ya zama taki. Wallahi da ƙasa za ta buɗe da na shige. Madam ta yi wata gajeriyar magana da Turanci, ba ta ɗaga murya ba. Ngozi ta raɗa min, "Ta ce Nasiru ya same ta a ofis."

Na ce, "To ai shuke-shuken ban ƙona su ba. Ga su can a inuwa, na ajiye wa awaki."

"Waɗanne awaki, Inna? Akuya ba ta taɓa taka tsibirin nan ba, an hana!"

Madam ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gidan. Ta ɗago ɗaya, ta juya shi, ta ga saiwarsa cif da ƙasarta. Ta sa aka tambaye ni yadda na cire su ban tsinke ba. Na ce wanda ya yi shekara talatin yana cirar irin albasa da tumatir don dashe, hannunsa ba ya tsinke saiwa ko ya so.

Sauran kwana biyuna a durƙushe na yi su. Nasiru na nuna min gurbin kowanne yana mayar da farantinsa, ni ina dasawa, ina yi musu rumfa da ganyen ayaba, in rana ta yi sanyi in ba su ruwa. Madam kan zo ta tsaya tana kallo. Wasu sun mutu, ba zan ɓoye ba, amma mafi yawa sun kama. An ƙara wa Nasiru wata guda na gwaji saboda ni, kuma a watan nan ban yi barcin kirki ba. Sai da wasiƙarsa ta iso Bungudu cewa an ɗauke shi, sannan abinci ya yi min daɗi.

Tun daga nan na koyi darasi. In na je baƙunta aka ce min kada in taɓa komai, to na yarda da gaske ake yi. Ko gidan surukata na shiga na ga ciyawa ta tsiro a bakin randa, sai in gyara mayafina in tambaya cikin ladabi, "Wannan taku ce, ko ita ta kawo kanta?"