Arewar Da Ba Tamu Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye a makarantar jikana don in kare mutuncin Arewa ba, alhali babu wanda ya taɓa mata mutunci.

Ni mutuniyar Funtuwa ce. Ban yi boko ba, amma ido da kunne Allah Ya ba ni masu kyau. 'Yata Bilkisu ce ta kawo ni Landan in riƙa duba mata yara, don ita aikin jinya take yi a asibiti. A unguwar Barking muke zaune, kuma duk layinmu babu wanda ban san fitarsa da dawowarsa ba, daga bayan labule nake aikina. (Bilkisu na cewa sa ido ne. Ni kuwa tsaro nake kiransa.)

Babban ɗanta sunan marigayi maigidana ya ci, shi ya sa muke ce masa Khalifa. Yaro ne mai shiru-shiru. A gida yana magana, amma a gaban mutane murya sai ta maƙale masa, har malamarsu ta taɓa kiran uwar a kan haka. Hausa kuwa yana ji sarai, sai dai ka yi masa da Hausa ya mayar maka da Turanci.

Wata rana ya dawo daga makaranta da gudumar roba a hannu, da wata hula mai ƙaho biyu kamar na bijimi, yana ta washe baki.

Na ce, "Maigidana, ƙira za ka koya ne ko noma za a yi da kai?"

Ya ce, "No, Kaka. God ne. Na mutanen North."

Na yi a'uziyya, na juya wajen uwarsa da ke ɗaura takalmi za ta fita aiki. Ta ce, "Inna, wasan makaranta ne kawai. Tsohuwar tatsuniyar mutanen arewa ce, allolin da suka bauta wa tun kafin addini ya je musu. Don Allah kar ki sa masa baki, da ƙyar aka samu ya yarda zai yi magana a gaban jama'a." Ta ja ƙofa ta tafi.

Mutanen arewa. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen rogo. A Arewa aka haife ni, a can aka haifi uwata da kakata. Na ga 'yan bori ina yarinya, na yi cinikin dawa da Maguzawa, ban taɓa jin inda aka ce muna da wani mai guduma ba. To wa ya zo ya yi mana wannan sharri a wajen Turawa?

Sai na shiga bincike. Ashe mai gudumar nan ya daɗe a gidanmu ban lura ba. Yana jikin robar abincin Khalifa, yana jikin rigar barcinsa, har a safa akwai shi. Ranar Asabar yaran suka kunna fim ɗinsa, na jawo kujera na zauna. Wani ƙaton Bature ne mai gashi ruwan masara, yana ta rafke mutane a cikin ƙanƙara. Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa cewa na yi a raina, ka ga 'yan fim, ba su bar mu da ƙarya kaɗai ba, har fatarmu sun canza. (Ƙanƙarar ma na samo mata uzuri, na ce wataƙila wajen Jos ne.)

Ranar wasan Bilkisu tana aiki, ba ta samu musanya ba. Sai ta haɗa ni da maƙwabciyarmu Laraba, 'yar Filato, wadda Hausa da Turanci duk sun zauna a bakinta. 'Yarta ajinsu ɗaya da Khalifa. Na saka leshina mai nauyi, na yafa babban mayafi, muka zauna can gaba, don ni ba na zama inda ba na ganin fuskar mutane.

Aka fara. Malamar tana karantawa, yara suna fitowa, Laraba tana raɗa mini a kunne.

"Wai mutanen arewa sun ce babban cikin allolin nan ido ɗaya gare shi, ya ba da ɗayan don ya sami ilimi."

Na gyara zama.

"Wai hankaki ne ke kawo masa labarin duniya."

Na ce, "Uhm."

"Wai mutanen arewa sun yarda akwai ranar da duk za su ƙare. Kyarkeci zai haɗiye mai ido ɗayan, mai guduma kuma zai kashe wani ƙaton maciji, dafin ya kashe shi."

Iyaye suna ta gyaɗa kai, suna ɗauka a waya. Na ga ƙarya tana shiga kunnen ɗaki guda, kuma daga nan za ta bazu duniya. Daidai lokacin Khalifa ya tako tsakiyar dandali da gudumarsa, ya buɗe baki zai faɗi maganar da ya yi makonni yana maimaitawa a banɗaki. Daidai lokacin ni ma na miƙe.

Na ɗaga hannu na ce, "Sorry. No." Turancina ya ƙare a nan, sai na koma Hausa. "Laraba, gaya musu ni 'yar Arewa ce gaba da baya. Ba mu da mai guduma, ba mu da mai ido ɗaya, kyarkeci bai taɓa haɗiye mana kowa ba. Duk wanda ya ba su labarin nan ya ji tsoron Allah."

Wayoyin da ke kallon yara duk suka juyo kaina. Laraba tana jan gefen mayafina, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Mama, zauna. Mama, ba Arewarmu ba ce."

"Ta wa ce?"

"Ta Turawa. Can su Norway, sama da nan."

Na dube ta da kyau na ce, "Turawa ma suna da arewa?"

(Wallahi da gaske na tambaya. Ni a sanina Arewa wuri ne, daga Kaduna ka yi sama. Ban taɓa kawo wa raina cewa ko ina mutum ya tsaya akwai wata a samansa ba.)

Zufa ta karyo mini har cikin ɗankwali. Amma ba kunyata ce ta fi damuna ba. Na ɗaga kai na ga yaron nan tsaye, gudumar ta sauka. Na ce shi ke nan, na kashe masa muryar da aka sha wahala kafin ta fito, kuma ban san da wane ido zan kalli uwarsa ba.

Sai ya dube ni ta ƙarƙashin hular ƙahon nan, ya ɗaga murya yadda har na bayan ɗaki suka ji, da Hausa tsantsa ya ce, "Kaka, ki zauna mana. Ban mutu ba tukuna."

Laraba ta kifa kai a cinya tana shessheƙar dariya. Na zauna. Tunda nake babu jikan da ya taɓa ba ni umarni na bi, sai ranar. Shi kuwa kamar tsawar da ya yi mini ce ta buɗe masa maƙogwaro, ya juya ya zuba Turancinsa tiryan-tiryan, ya rafke macijin (yara ne a jere a ƙarƙashin koren zane, 'yar Laraba ce wutsiya), ya yi tangaɗi ya faɗi. Da ya faɗin ma saura kaɗan in sake miƙewa, Laraba ta danne mini gwiwa.

A hanyar gida bai kula ni ba. Na soya masa doya da ƙwai, ya ci ya tashi ya bar ni. Sai bayan la'asar ya shigo ɗakina da ƙwallon nan mai zanen duniya, ya ɗora yatsa ya ce ga Funtuwa, ya ja yatsan sama ya ce ga mu, ya ƙara ja ya ce ga su.

Na ce, "To su allolin nan nasu, sun san za su mutu?"

Ya ce sun sani tun farko, kuma duk da haka suka fita yaƙin. Bayan komai ya ƙone, ƙasa ta sake fitowa daga ruwa kore shar.

"To na fim ɗin fa, me ya sa kullum yana nan?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Shi ba a bari ya mutu. Sai an yi part two."

Na ce lallai wannan bawan ya ga ta kansa. A tatsuniyar kakanninsa ya mutu da darajarsa a fagen fama, ga shi yanzu an tashe shi an manna a safar yara, ni nake wanke shi duk ranar Lahadi. Khalifa ya yi dariya har ya kwanta a kan sallayata, a nan na san an yafe mini.

Bilkisu kuwa tun kafin ta baro asibiti hoton da iyaye suka ɗauke ni ya riga ya isa wayarta. Da ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, mai tsaron Arewa." Sunan ya bi ni har yau.

Ban daina sa ido ba, kuma ba ni da niyyar dainawa. Abin da na ƙara kawai shi ne tambaya kafin in miƙe. Ko a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na ji Khalifa ya ce jirgin nan arewa ya nufa, sai na riƙe hannunsa na ce, "Tsaya tukuna, Maigidana. Ta wa?"