Ranar da Na Ce wa Matuƙin Jirgi Fili Fes Yake

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na naɗa kaina masanin jirgin sama ba, ni da ko tsanin jirgi ban taɓa takawa ba. Ina aiki a wani ƙaramin ofishin lafiya a Batsari, sai aka ce wata ƙungiya za ta kawo likitocin ido a jirgi mai saukar ungulu, su duba masu yanar ido kyauta. Yini ɗaya tak suka ware mana, in ya kuɓuce sai su wuce gaba. Wurin saukar kuwa filin ƙwallon wata firamare ne a wani ƙauye da ke hanyar Safana, kuma ni aka ɗora wa duba filin.

Nan da nan kaina ya kumbura. Na sauya tafiya, na fara amsa gaisuwa da ka (har mai shayinmu sai da ya tambaya ko wuyana ne ke ciwo). Na hau babur har Karare na ɗauko Goggo, yayar babanmu, wadda yana ta daɗe da rufe mata ido. Na ce ta sa a ranta ta warke, domin jirgin nan sai da izinina zai sauka.

Ana gobe za su zo matuƙin jirgin ya kira ni a waya, wani mai sanyin murya.

"Malam, filin a buɗe yake? Babu wani abu a kansa da iska za ta ɗauka? Ka je ka gani da idonka?"

A raina na ce, ji wani tsoro, mutum yana keta gajimare amma filin ƙwallo na ba shi fargaba. A baki kuwa na ce, "Ranka ya daɗe, fili fes yake." Gaskiyar magana, rabona da filin tun wani wasa da na kalla kafin damina ta faɗi. Zuwa da dawowa bai fi awa ɗaya ba, ganda ce kawai da girman kai.

Da la'asar sai ga Baba Ɗanjuma, maigadin makarantar, ya taso a kan kekensa takanas, ashe ya ji ƙishin-ƙishin a filinsu jirgin zai sauka. Bayan mun gaisa ya ce, "Ranka shi daɗe, batun filin nan ne. Ka san fa kaka ta yi, mutanen gari sun..."

Ban bari ya kai aya ba. Na ce, "Baba, wannan harkar jirgi ce, ba ta gona ba. Kai dai ka share gaban azuzuwa." Ya dube ni, ya ce to, ya hau kekensa.

Ranar Asabar ce. An kafa rumfuna a gaban azuzuwa, tsofaffi sun cika benci, Goggo na sahun gaba. Ni kuma ina ta kai da kawo da babbar riga ina gyara wa manya kujeru, filin yana bayan azuzuwa amma ko leƙawa ban yi ba. Sai da na ji rugugin jirgi na zagaya da taƙama don in ɗaga masa hannu.

Filin ja wur yake. Barkono ne da gyaɗa aka shanya daga wannan raga zuwa waccan, a kan tabarmi da buhuna. Ashe duk kaka haka ake, filin rufe yake, ko ƙwallo ba a bugawa sai an gama shanya. Kowa a garin ya sani, kuma babu wanda na gaya wa a nan jirgin zai sauka.

Jirgin ya yi ƙasa-ƙasa kafin matuƙin ya gane abin da ke shimfiɗe. Iskarsa ta kwashi barkonon nan ta watsa har cikin rumfuna. Manyan baƙi suka hau atishawa, rawani na warwarewa, mata suna bin tabarminsu suna Allah ya isa, ni kuma ina tsaye hannu a sama, hawaye da majina sun haɗe (ban san abin da ya hana ni sauke hannun ba). Jirgin ya ɗaga, ya yi shawagi sau biyu, wayata ta yi ƙara.

"Malam, filin nan a rufe yake. Da jiya ka faɗa da mun nemi wani wuri. Man da ke gare ni ba zai kai in jira a kwashe ba."

Suka tafi da likitocinsu. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Baba Ɗanjuma ruwa kawai ya miƙo mini in wanke fuska.

Na goya Goggo muka kama hanyar Karare. Sai da muka kusa gida ta dafa kafaɗata.

"Ɗan nan, ni tun da ka aje ni bisa bencin nan na ji ƙaurin barkono, na san an yi shanya. Na ɗauka kai mai ido ka gani."

Har yau Goggo da sanda take laluben hanya. Ni kuwa tun daga ranar, ko tambayata aka yi akwai ruwa a randa, sai na tashi na buɗe na leƙa kafin in ce e.